Zauren biki ba dandalin waƙa ba ne

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da waɗanda dama sun fi son karatu. Yadda na faɗa haka aka rubuta, sai ɗan gyara nan da can.

Yau ba siyasa za mu yi ba, ko da yake in kun bi ni a hankali za ku ga ba mu yi mata nisa ba. Maganar wurin da ake zuwa kallon mawaƙa za mu yi. Wurin kansa nake nufi: gininsa, ƙofarsa, sautinsa, da yadda ake zama a ciki.

Duk Sallah za ku ga fostoci sun cika gari, wane zai yi wasa a hol kaza, wance za ta yi a otal kaza. Washegari ka leƙa TikTok, me za ka gani? Wayoyi a sama, sifika tana kururuwa, mawaƙi yana bin waƙarsa da aka kunna daga fulas, wato mamin. Sai kwament ya cika da zagi: ai dama bai iya ba, muryar situdiyo ce, kwamfuta ce ke yi masa. To ni dai ina ganin rabin laifin ba nasa ba ne. Na ɗakin ne. Ka ɗauko mai muryar da ta fi ta kowa ka saka shi a irin zaurukan da muke da su, wallahi shi ma fulas ɗin zai nema.

Bari in yi bayani. Yawancin wuraren da ake wasa a Kano da Kaduna da Katsina da sauransu, don biki aka gina su. Mai ginin abin da ke ransa shi ne amarya ta fito a hoto. Sai ya shimfiɗa tayil mai sheƙi, ya liƙa gilashi a bango, ya yi silin mai santsi, sama kuma kwano. Duk waɗannan abubuwa ne da ba sa shan sauti, dawo da shi suke yi. Sauti yana gudun kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya. Idan bango ya kai nisan mita 17 daga sifika, kafin sautin ya je ya dawo an yi kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kuma daga nan ne kunne yake fara jin sa a matsayin sauti na biyu. Yawancin zaurukan nan sun fi haka tsawo. Ke nan kowace kalma sau biyu ko uku kake jin ta, ta baya tana hawa kan ta gaba. Shi kuma mai kula da na'ura da ya ji ba a gane abin da ake faɗa, sai ya ƙara ƙara. Ƙarin ƙara kuwa ƙarin amsa-kuwwa ne. An gudu ba a tsira ba.

Kuma wannan ya fi cutar da mu a kan wasu. Me ya sa? Saboda waƙar Hausa magana ce. Harshenmu yana da karin sauti, yana da dogon wasali da gajere. Garin da kake zaune da garin da ake tuwo da shi, a rubuce ɗaya ne, a kunne ne ake raba su. Daɗin waƙarmu yana cikin habaici, da zambo, da kirari, da yadda mawaƙi zai karya kalma ya juya ta. Kai, kalangu kansa magana yake yi, wanda ya san take yana jin abin da yake cewa. A Turai akwai manyan zaurukan da aka gina don kiɗan goge da bushe-bushe na mutum saba'in ko tamanin, irin na birnin Vienna, inda da gangan ake so sauti ya yi kusan daƙiƙa 2 yana yawo kafin ya mutu. Su can daɗi yake ƙara musu. Mu ka saka mai kalangu da 'yan amshi a irin wannan, kunu za ka ji. Don haka ko kwaikwayo za mu yi, sai mun san abin da muke kwaikwaya.

Abin haushin shi ne maganin ba tsada gare shi ba. Labule mai kauri a bangon baya. Kafet ko tabarmi a ƙasa. Zana ma tana aiki. Kujera mai katifa ta fi ta roba. Maimakon tulin sifika biyu a gaba da za su kurmantar da na kusa, na baya kuma ya ji gunji kawai, a rarraba ƙanana a tsawon ɗakin a rage ƙara. A ajiye wa mawaƙi tasa sifikar a gabansa tana kallonsa, domin wanda ba ya jin muryarsa ba zai iya riƙe kari ba, ko waye shi. Mai haɗa sauti ya zauna a tsakiyar jama'a inda zai ji abin da suke ji, ba a ɓoye shi bayan dandamali kusa da janareto ba. Sannan a zo da wuri a gwada komai kafin a buɗe ƙofa. Mu nan gwajin sauti a gaban mutane ake yi, an riga an makara da awa uku, MC yana ta bugun makirufo yana tambaya ko ana jin sa.

To ina ne wuraren da nake so? Na farko zai ba wasu mamaki, don ba ma don waƙa aka gina shi ba. Dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, wanda ɗalibai ke kira Drama Village. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, shi ya tsara shi a tsakiyar shekarun 1970 lokacin yana koyarwa a jami'ar, kuma bai je ko'ina neman salo ba, gidan Bahaushe ya kalla. Ginin ƙasa ne, ɗakuna masu siffar zagaye sun kewaye fili a tsakiya, sama a buɗe. Mai wasa yana tsakiya, ku kuna kewaye da shi kamar kuna tsakar gida. Na sha zama a wurin lokacin ina makaranta, kuma a can na fara gane cewa mutum ɗaya da gurmi ko kuntigi, ba makirufo ba komai, zai iya riƙe jama'a su yi tsit. Bangon ƙasa ba ya wurgo maka sauti kamar tayil. Rufi babu, balle ya yi gunji. Kuma saboda kusanci, in mai waƙa ya yi wani salo kana ganin idonsa, shi ma yana ganin murmushinka. Ƙarami ne, ba zai ɗauki taron Hamisu Breaker ko Ado Gwanja ba, na sani. Amma yaron da yau yake koyo, irin wannan wurin yake buƙata kafin ya kai ga filin ƙwallo.

Na biyu, gidan dambe. E, gidan dambe. Ku je Ado Bayero Square a Sabon Garin Kano da yamma, ko Dei-Dei a Abuja. Ku manta da naushin na ɗan lokaci, ku saurari makaɗan. A duk Arewa da wuya ka sami inda ake kiɗa na gaske a kai a kai, hannu da fata, ba fulas, kamar nan. Makaɗi yana kallon ɗan dambe, ya kaɗa masa takensa, jikinsa ya ɗau tsuma, ya fito ya yi kirari, jama'a su ɗauka. Kiɗan yana canza abin da ke faruwa a fili, abin da ke faruwa a fili yana canza kiɗan. Abin da ya haɗa Ɗan Anace da Shago ke nan har sunayensu suka kasa rabuwa. Waƙar ba a ɗaki aka ƙirƙire ta a kawo ba, a gaban jama'a take haihuwa. Haka filayen kokowa na Nijar, inda tun 1975 ake gasar takobi, kuma take zagayawa jiha zuwa jiha. Fili zagayayye, yashi a tsakiya, matakalan zama suna hawa sama, kowa yana gani. Kuɗin ƙofa a gidan dambe talaka yana iya biya, an san ranar, an san lokacin, kuma ba a kai tsakar dare. Aibinsa ɗaya da ba zan ɓoye ba: wurin maza ne. 'Yar'uwata da ƙanwarka ba za su sake a can ba.

Kun lura da abin da wuraren nan biyu suka haɗa? Zagaye. Kuma haka muka gada. Dandalin unguwa inda 'yan mata ke gaɗa da farin wata, zagaye ne. Kalankuwa bayan kaka, zagaye. Barmani Choge da matanta in sun kifa ƙwarya a ruwa a gidan biki, tsakar gida ce dandamalinsu, matan gidan su ne masu kallo su ne kuma rabin 'yan amshi. Narambaɗa da Ɗanƙwairo a ƙofar fada suke, sarki yana ji, talakawa suna ji. Shata kuwa duk inda aka yi masa da'ira nan ne zaurensa. Waƙarmu an gina ta a kan jagora ya bayar, a amsa masa. To yanzu mun ɗauko mawaƙi mun ɗora shi a dandamali mai tsayin mutum, mun haska masa fitila a ido har ba ya ganin kowa, mun jera mutane a layi kamar masu jiran jarabawa. Wa zai amsa wa wa?

Su kuma dandalolin unguwa, kowa ya san inda suka tafi. An yanka an sayar, an yi shaguna. Ku tambayi iyayenku inda suke wasa suna yara, ku je ku ga abin da ke wurin yau.

Na uku sai mun tsallaka iyaka. A Yamai akwai Cibiyar Al'adu ta Oumarou Ganda, 'yan gari suna ce mata CCOG. An sa mata sunan ɗan fim ɗin nan na Nijar da ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972, ya rasu a 1981. Tana da dandali a buɗe mai matakalan zama, mai ɗaukar dubban mutane. Ba wani ƙyale-ƙyale, siminti ne da sarari. Amma gini ne da gwamnati ta yi da niyyar cewa nan wurin waƙa da wasa ne. Kuma ba Yamai kaɗai ba, a Maraɗi da Damagaram da Tawa da sauran manyan garuruwa akwai gidajen matasa da al'adu, waɗanda ake kira MJC. A Tawa ma har gasar waƙa ta ƙasa suka kafa da sunan Ɗan Gurmu. Na san wani zai ce ai yawancin wannan harka ta bunƙasa ne a zamanin Seyni Kountché, soja ne, kuma ya yi amfani da samariya don riƙe matasa. Gaskiya ne. Amma ya tafi tun 1987, gine-ginen suna nan. Shi ya sa mawaƙanmu na Kano da Kaduna suke rububin zuwa wasan Sallah a Nijar. Ba son masoya kaɗai ke kai su ba, a can akwai inda za a tsaya a yi wasan. Abin kunya ne a ce ƙasar da kullum muke kallo a matsayin ƙanwa ta fi mu tanadin wannan.

Na huɗu, Legas. New Afrika Shrine da ke Agidingbi a Ikeja, wanda Femi Kuti da yayarsa Yeni suka buɗe a shekarar 2000, bayan rasuwar mahaifinsu Fela a 1997. Kafin wani ya taso mini, na sani, akwai abubuwan da ake yi a wurin da ba su dace da tarbiyyarmu ba, kuma ba su nake cewa a kwaso ba. Darasi biyu nake so mu ɗauka. Na ɗaya, wurin na mawaƙa ne, ba haya suke yi daga mai zauren biki ba, don haka komai an tsara shi don kiɗa. Ginin kansa kamar babbar rumfa yake, iska tana shiga, kujerun roba, ba abin burgewa a ido. Na biyu, ba ya jiran Sallah ko Kirsimeti. Femi in yana gari, mako-mako yake hawa da cikakkiyar tawagarsa, masu bushe-bushe da masu ganguna. Ga Felabration duk watan Oktoba. Wannan rumfar ce shugaban Faransa Emmanuel Macron ya taka ya je a watan Yulin 2018. A Legas ɗin dai akwai Freedom Park, tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka da aka mayar wurin shaƙatawa da wasanni a 2010. Kurkuku fa. Mu kuwa tsofaffin silimominmu nawa ne suka koma sito da wurin ajiye kaya?

Maganar mako-mako ɗin nan ita ce gishirin. Makaɗi ba ya ƙwarewa da wasa biyu a shekara. In babu inda mai jita da mai ganga da mai kalangu za su samu aiki a kai a kai, ba za su zauna a sana'ar ba, za su koma tuƙin Adaidaita ko sayar da waya. In babu su, mawaƙi ba shi da tawaga. In babu tawaga, sai fiyano ɗaya a situdiyo, sai fulas a dandamali. Kun ga inda mamin ya samo asali. Ba lalaci ba ne kawai.

Yanzu bari mu zo ga wadda ta fi komai nauyi, wato ƙofa. Matasa da yawa ba su taɓa jin labarin gobarar silimar El Duniya ba. A Kano aka yi ta, ranar 13 ga Mayu, 1951. Fim ɗin wancan zamanin abu ne mai saurin kamawa da wuta. Wuta ta tashi ana cikin kallo, mutane suka yi kan ƙofa gaba ɗaya. Cikin kimanin mutum 600 da ke ciki, sama da 300 suka rasu. Shekara saba'in da ɗoriya ke nan, amma ku gaya mini tsakani da Allah, zaure nawa kuka shiga kuka ga alamar ƙofar fita, kuka ga tukunyar kashe wuta mai aiki?

Akwai wani wasa da na je a wani hol da ba zan kama suna ba. Ƙofofi huɗu ne da shi. Uku an ɗaure su da sarƙa an sa kwaɗo, wai kada yara su shigo ba tikiti. Ɗayar da ta rage, an gindaya tebur an rage faɗinta saboda a riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. Wayoyin lantarki a ƙasa ana takawa, janareto a jikin taga, jarkar fetur a gefensa. Na tambayi ɗaya daga cikin masu tsaron ƙofa wa ke riƙe da makullan, ya ce oga, oga kuma ya fita. Allah ne kawai ya tsare.

Kada ku ce ai mu ne ba mu ci gaba ba. A Landan, ranar 15 ga Disamba, 2022, a wasan Asake a O2 Academy Brixton, wurin da ke ɗaukar kusan mutum 5,000, cunkoso a ƙofar shiga ya yi sanadin mutuwar mutum biyu, ɗaya mai kallo ɗaya ma'aikacin tsaro. Bambancin shi ne can an rufe wurin fiye da shekara guda, ba a sake buɗewa ba sai a Afrilun 2024, bayan an gindaya sharuɗɗa masu yawa. A Houston ta Amurka, wasan Astroworld na 2021, mutum 10. Masana cunkoso suna cewa da zarar mutum 5 sun tsaya a murabba'in mita ɗaya an fara shiga haɗari, in ya kai 6 ko 7 ba kai ke tafiyar da jikinka ba, taron ne ke tafiya da kai. Kuma yawanci ba tattakewa ke kashe mutum ba, matsewa ce, ƙirji ya kasa buɗewa ya ja numfashi, mutum yana tsaye. Don haka in kana wuri ka ji ba ka iya ɗaga hannunka ka taɓa fuskarka, kada ka jira waƙar da kake so, fara neman gefe. Mai shirya wasan da zai sayar da tikiti fiye da abin da ɗaki zai ɗauka kuwa, ba ɗan kasuwa ba ne, da rayukan 'ya'yan mutane yake caca.

Kunne ma amana ne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren wasa, cewa kada matsakaicin ƙara ya wuce ma'aunin desibel 100, kuma ta ce matasa sama da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin lalacewar ji saboda ƙarar da suke sha. Wannan ƙugin da kake ji a kunne bayan ka dawo gida, ba alamar wasa ya yi daɗi ba ne, rauni ne. Jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa. Ku daina tsayawa a bakin sifika don Allah.

Sai 'yan'uwana mata. Ni a wurina ma'aunin wuri mai kyau shi ne: uba zai yarda 'yarsa ta je? Miji zai ɗauki matarsa da yara su tafi tare? In amsar a'a ce, wurin ya faɗi, ko da sautinsa ya kai na ina. Wannan yana nufin banɗaki na mata daban, mai ruwa, mai ƙofa da ke rufuwa. Wurin sallah, saboda wasan da ya fara bayan la'asar dole magariba ta same shi. Ɓangaren iyali. Mata cikin masu binciken ƙofa. Haske a waje, ba a ciki kaɗai ba, don mun san abin da masu ƙwacen waya suke yi a bakin taro in an tashi. Da kuma lokaci. A 2022 gwamnatin Kano ta hana Adaidaita Sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare, amma sai ka ga mawaƙin da aka zo dominsa bai hau ba sai sha ɗaya. Wanda ba shi da mota ya koma gida da me? Masu buƙata ta musamman kuwa ko tunaninsu ba a yi, mai keken guragu sai dai a ɗauke shi cak a haura da shi matakala.

Akwai kuma teburan manya. Wannan tana ci mini rai. An ɗauki gaba, inda ya fi ko'ina, an ba wa mutanen da ba sauraro ya kawo su ba. Suna danna waya, suna cin kaza. Masoyan gaske da suka haddace kowane baiti an tura su can baya bayan igiya. Da alhaji ya miƙe da bandir, shi ke nan, mawaƙi ya juya wa mutum dubu baya ya koma kan mutum ɗaya, yaransa su cika dandamali suna tsintar kuɗi. Ban ce a hana kyauta ba, kyauta ga maroƙi da makaɗi tsohuwar al'ada ce, da ita Shata ya rayu. Amma a ware mata lokaci, a ajiye faranti ko ƙwarya a gefe. Balle yanzu da EFCC take gurfanar da mutane a kan liƙi da tattaka naira, ga hujja ta samu.

Na san abin da ke ran wasu tun ɗazu: a garin da ake da Hisbah, ake da Hukumar Tace Finafinai tun 2001, garin da aka soke aikin dandalin fim na Ƙofa a 2016 saboda malamai da jama'a sun nuna ba sa so, kai kana maganar gina wurin kiɗa? Ina girmama masu wannan ra'ayin, cikinsu akwai malamaina da iyayena. Amma ina roƙonsu su duba abu ɗaya. Rashin wurin bai hana wasan ba. Tura shi ya yi cikin otal, da gidajen gala, da tsakar dare, inda ba uba ba hukuma. Wuri sananne, a fili, da rana, mai dokoki a rubuce a bakin ƙofa, mai lokacin tashi, shi ya fi sauƙin sa ido. Kuma wa ya ce mawaƙan soyayya kaɗai za su amfana? Sha'irai masu bege, 'yan mandiri, ɗaliban Islamiyya masu waƙe, matasan da ke rera rubutacciyar waƙa irin gadon Aƙilu Aliyu da Mudi Sipikin, masu wasan kwaikwayo, masu muhawara, duk ɗaki ɗaya suke nema: inda za a ji abin da suka faɗa.

Ga inda siyasar ta shigo. Lokacin kamfen ba a rasa fili. Filin wasa a buɗe, janareto a cike, sifiku sun fi na kowa, mawaƙa a jere, domin ranar ɗan takara ne ke buƙatar taro. An gama zaɓe, sai ka nemi ɗakin taron ƙaramar hukuma don matasan unguwa su yi wasa, a ce ka rubuto takarda, takardar ta kwana wata shida. Kano kaɗai ƙananan hukumomi 44 gare ta. Ba filin mutum dubu ashirin irin O2 da Wizkid ya cika dare uku a 2021 muke roƙo ba. Ɗan dandali muke so na mutum ɗari uku zuwa ɗari biyar, matakalan siminti a zagaye, inuwa, banɗaki, sola, ƙofofi masu faɗi da ke buɗewa waje. Kuɗinsa bai kai na shataletale ɗaya da ake rushewa a sake ginawa ba. Wasu jihohin ma suna da irinsu tun da, a ƙarƙashin hukumomin tarihi da al'adu. A Kano akwai harabar Gidan Ɗan Hausa inda 'yan koroso da sauran masu wasan gargajiya suke. Abin da ake buƙata shi ne a gyara, a buɗe wa matasa da farashin da za su iya, a sa jadawalin da kowa zai sani.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannunmu. Wanda zai sayar maka da tikiti, tambaye shi mutum nawa wurin ke ɗauka kuma tikiti nawa aka buga. Tambaye shi da makaɗa za a yi ko da fulas, don farashin bai kamata ya zama ɗaya ba. Da ka shiga, kafin ka ɗaga waya, juya ka ƙirga ƙofofi, ka duba ko a buɗe suke. In ka ga sarƙa, ɗauki hotonta ka nuna wa masu wurin, in sun ƙi cirewa ka fita ka nemi kuɗinka.

A kwament ina so kowa ya rubuta mini sunan garinsu da wurin da ake wasa a can, ko da filin makaranta ne ko gindin bishiya, da ko yana aiki ko an rufe. 'Yan Maraɗi da Damagaram, da 'yan'uwa na zangon Kumasi da Accra, da na Garwa da Njamena, ku ma ina jiran naku. Zan tattara su, mu karanto a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.